Ɗigon isansi a ƙarƙashin tsohuwar tarakta

A makon da ya gabata na kai ziyara garkar kawuna da ke bakin Gulbin Maraɗi, na tarar da shi tsugune gaban ƴar taraktarsa, ya tara gwangwani ƙarƙashin tankin mai. Taraktar tsohuwa ce ƙirar Amurka, irin ƙananan nan na aikin lambu da kamfanonin can sunka yawaita ƙerawa a shekarun 1960, kamar John Deere 110 wadda ta fito a 1963. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har yanzu ita ke yi mashi kaftu kafin dashen albasa.

Na ce: "Kawu, lafiya?" Ya ce: "Ɗana, ɗigo ne kurum, sai dai ya hana ni barci."

Yana da gaskiya. Ɗigo guda kowane daƙiƙa 10 ya zama ɗigo 8640 a wuni da dare, a wata kuwa litoci ne ke bin ƙasa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023 arahar ruwa-ruwa ta zama labari, ko da yake matatar Damagaram na aiki tun 2011. Hasarar kuɗi ma ita ce ƙaramar magana. Tururin isansi ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, kuma yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a ranar Afirilu tamu. Wanda ya tuna gobarar motar dakon mai ta Yamai a watan Mayu 2019, wadda ta ci rayuka fiye da 50, ba ya raina warin isansi kusa da murhun shayi.

Ga yadda abin ya faro. Robinen da ke gindin tankin ya lalace, kawu ya aiki yaro kasuwa ya sayo wani mai kama da shi. Anka murɗa, ya shiga zagaye biyu ya cije, anka sa ƙarfi, ya ci gaba da yoyo. Anka naɗa leda da zare, bai daina ba. Daga ƙarshe wani yaron gareji ya lafta mashi farin teflon irin na masu gyaran pompo. Yoyon ya tsaya, amma bayan kwana biyu injin ya mutu tsakiyar aiki, irin albasa kuwa na jiran dashe.

Wani dattijon makaniki da munka ɗauko daga gari shi ya warware mana matsalar. Da ya kwance karburata sai ga ƴan yage-yagen teflon sun toshe ramin da mai ke bi, wanda bai fi bakin allura da yawa ba. Isansi ba ya narkar da teflon; sinadarin, wanda Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938, yana jure kusan kowane ruwa mai ci. Illarsa ita ce haƙoran ƙarfe na yanka shi lokacin murɗawa, gutsattsarin kuma su bi mai zuwa cikin inji.

Asalin cutar kuwa tana ga haƙoran. Kasuwanninmu mahaɗar kayan duniya ce: na Faransa, na Ingila ta hanyar Najeriya, na Sin, na Amurka, kowa da ma'auninsa. Ƙaramin mahaɗin Amurka da ake kira NPT yana da haƙora 27 a inci guda, kwanarsu digiri 60. Takwaransa na Ingila, BSP, haƙora 28 gare shi, kwanarsu digiri 55. Na ma'aunin mita, wato M10, tazarar milimita guda ce tsakanin haƙori da haƙori. Dukansu kaurinsu wajen milimita 10 ne, ido ba ya bambanta su, shi ya sa sukan yarda su shiga zagaye biyu ko uku kafin su cije. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya cinye haƙoran tankinsa, kuma babu abin shafawa da zai mayar da su.

Dattijon ya ce kafin mutum ya nemi abin liƙewa, ya fara sanin inda mahaɗinsa ke tare mai, domin iri uku ne. Na farko shi ne mai haƙora masu tsukewa, mai siririn baki da kaurin gindi kamar turke. A jikin haƙoran yake tare mai, shi kaɗai ke son abin shafawa. Na biyu shi ne mai buɗaɗɗen baki kamar mazurari, inda bakin tiyon ƙarfe ke zama daram a kan ɗan'uwansa. Haƙoransa matsewa kawai suke yi, in ya yi yoyo bakin ne ya tsage ko ya karce. Na uku shi ne mai miƙaƙƙun haƙora da zoben jan ƙarfe ko na roba a ƙarƙashin kai. Maganinsa sabon zobe. In babu sabo, a gasa tsohon zoben jan ƙarfen har ya yi ja, nesa da mai, a bar shi ya huce, zai yi laushi ya sake kamawa.

Ga irin na farko, abin da ya dace shi ne man liƙe haƙora wanda anka rubuta a jikinsa cewa yana jure isansi. A zube tankin tukuna, a fili, ba taba ba garwashi. A goge haƙoran su bushe, a shafa kaɗan a jikin namijin, a bar haƙora biyu na baki tsirara don kada wani abu ya faɗa hanyar mai. A murɗa da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara zagaye biyu da sifana. Wuce haka ganganci ne, domin mahaɗi mai tsukewa yana tsaga ramin da ya shiga kamar yadda gatari ke faskara icce. Silikon da robar tsohuwar taya ba su da amfani a nan, isansi na kumbura su har su ruɓe. Sabulun da direbobinmu ke liƙa wa tanki kuwa dabarar kan hanya ce, ta kai mutum gari kawai.

Mun yi sa'a haƙoran tankin kawu ba su gama cinyewa ba. Anka samo robine mai haƙoran Amurka daga wani mataccen inji, anka sa matatar mai ƙarama tsakanin tanki da karburata, anka shimfiɗa takarda ƙarƙashi ta kwana. Da safe ba ko tabo. Kwana biyar na aiki sun salwanta a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba.

Ina kira ga masu garake, masu injin ban ruwa da masu babur: in za ku sayen mahaɗi, ku tafi da tsohon a aljihu, a gwama haƙoransu a gabanku. Masu shagunan kayan gyara su ma su riƙa tambayar ƙasar da anka ƙera injin kafin su miƙa kaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.