Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Ƴan uwana ɗalibai, yau da mu nake, mu masu karatun ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda gobe za a kira sikolog. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, ni ma ta taɓa ni.

Bara na yi sitaji a wani asibiti. Wata safiya aka kawo wata matar aure da ta daɗe ba ta barci. Ƙofar biro a buɗe, uwar mijinta zaune kusa da ita, mu ƴan sitaji huɗu mun jeru jikin bango, ɗaya ma yana latsa salula. Duk abin da aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Sai da tsohuwar ta fita sayen magani sannan ta buɗe baki. Abin da ta faɗa ba zan rubuta shi nan ba, don shi ne ma dalilin wannan rubutun.

Kwana uku bayan haka, da dare a fada, ana dafa shayi, sai na ji labarin nan a bakin abokin sitajina. Har sunan unguwarsu ya kama, ana ta dariya. Ni kuma na yi gum, na karɓi kofina na sha. Ranar da aka ce ta dawo, ba ta dawo ba. Wallahi har yau in na tuna, kunyar kaina nake ji.

To, ku tsaya mu yi lissafi. Likitan ƙwaƙwalwa, irin na Pavillon E a babban asibitin Yamai, karatun likita ya yi, yana rubuta magani. Sikolog ba ya rubuta ko ƙwaya ɗaya. Kayan aikinsa kunne ne da harshe, jarinsa kuma yarda. Ranar da mutum ya gane cewa abin da ya faɗa a ɗaki zai riga shi isa gida, shi ke nan, ya kama bakinsa. Mu kuma sai mu rataye difloma a bango mu yi ta kallo.

Na san abin da wasu za su ce: wai sirrin aiki al'adar Turawa ce, mu a nan ciwon mutum na dangi ne. Gaskiya ne dangi ke kawo majinyaci, su biya kuɗin magani, su kwana da shi a tabarma. Ba na raina wannan. Amma wace ƴar Hausa ce za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta gaban surukarta? Wane saurayi ne zai ce yana shan tramol ubansa na zaune? Ai kunyar nan tamu ita ce babbar hujjar rufe ƙofa. Rufin asiri kuwa ba Bature ya koya mana shi ba, kullum shi muke roƙo a addu'a. Dangi a shigo da su, a nuna musu yadda za su kula da nasu, amma bayan an ji shi shi kaɗai, kuma da yardarsa. Biyan kuɗin asibiti ba ya sayen cikin mutum.

Abin bai tsaya a asibiti ba. Tun hare-haren Diffa na 2015, da shigowar ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato cikin jihar Maraɗi a 2019, aikin sauraren waɗanda suka ga tashin hankali ya ƙaru, kuma can da yawanmu ke hangen samun aiki. To, matar da aka yi wa fyaɗe, in aka saurare ta a rumfar da ba ta da ƙyaure, mai fassara kuma ɗan ƙauyensu, wa aka taimaka? Wanda ya ɗauki hotonta don ƙawata rahoto ko don Facebook, da me ya bambanta da mai tallar ciwon wani?

Sirri yana da iyaka, ban musa ba. In mutum na shirin kashe kansa ko wani, ko ana cutar da yaro, dole a yi magana. Amma wannan tun zaman farko ake gaya masa, kuma ga mai iya ceto ake kai maganar, ba ga ƴan shayi ba. In kuwa lamarin ya yi maka nauyi, malamin da ke kula da sitajinka za ka kai wa, ka ɓoye suna da unguwa.

Abin da nake nema ba ya cin ko dala. A rufe ƙofa. A sa dosiye cikin akwati mai makulli. A tambayi majinyaci kafin ƴan sitaji su shigo, in ya ce a'a mu fita. Salula ta zauna a aljihu. Wanda ya tona kuma a sallame shi daga sitajin, ko ɗan wane ne, tunda dokar ƙasar nan ma ta ɗauki tona sirrin aiki laifi.

Magana zarar bunu ce. Ni dai na yi wa kaina alkawari: duk ranar da na sake jin labarin majinyaci a fada, ko abokina ne, a gaban kowa zan tsayar da shi. In zumunci zai ɓaci, ya ɓaci.