SHARHI: Takardar bogi, gidan Elvis Presley da ofishin rajistar da ba ya tambaya

A watan Satumban 2025 wata kotun tarayya da ke birnin Memphis, a jihar Tennessee ta Amurka, ta yanke wa wata mata 'yar jihar Missouri hukuncin ɗaurin shekara huɗu da wata tara. Ita da bakinta ta amsa laifin zamba tun watan Fabrairu. Abin da ta nemi sacewa kuwa gida ne sukutum: Graceland, wanda fitaccen mawaƙi Elvis Presley ya saya a 1957, aka mayar da shi gidan tarihi a 1982, shekara biyar bayan mutuwarsa.

Makaminta takarda ce kawai. Masu gabatar da ƙara sun ce ta ƙirƙiro kamfanin ba da rance wanda babu shi, ta haɗa takardun da ke nuna cewa Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin, ta ci bashin dala miliyan 3.8 a 2018 ta jinginar da gidan, kuma ta mutu a Janairun 2023 ba ta biya ba. Ta kwaikwayi sa hannun marigayiyar, ta kwaikwayi na wata jami'ar shaidar sa hannu ta jihar Florida, ta kai takardar jinginar ofishin rajistar gundumar Shelby, sannan ta buga sanarwar gwanjo a jaridar The Commercial Appeal. A Tennessee mai bin bashin jingina ba ya bukatar umarnin alƙali kafin ya sayar da gida, don haka aka sa ranar 23 ga Mayu, 2024. Ana gobe za a buga ƙararrawa wani alƙali ya dakatar da gwanjon, bayan Riley Keough, jikar Elvis, ta shigar da ƙara, ita kuma jami'ar Florida ta yi rantsuwa cewa ba ta taɓa haɗuwa da Lisa Marie ba. Da asiri ya fara tonuwa, matar ta riƙa aika saƙonni tana cewa wani ɓarawon bayanai ne da ke Najeriya ya kitsa abin. Ta san sunan da duniya za ta yi saurin yarda da shi, kuma kafafen labarai da dama sun ɗauki zancen kafin a kama ta a watan Agusta.

Kafafen Amurka sun fi ba da labarin a matsayin abin dariya. A ganina darasinsa yana cikin tsarin da ya sa matar ta yi tunanin dabarar za ta ci.

Amurka ba ta da rajistar filaye ta ƙasa baki ɗaya. Aikin yana hannun gundumomi, waɗanda sun haura 3,000, kuma sunan ofishin ma ya bambanta: a Texas akawun gunduma ne ke riƙe da kundin, a Tennessee akwai zaɓaɓɓen mai rajistar takardun mallaka, a Connecticut da Vermont kuwa akawun gari ne. Al'adar tsohuwa ce, domin tun 1640 yankin Massachusetts ya yi dokar rubuta cinikin filaye a kundin hukuma. Wanda ya sayi gida yakan kai takardar cinikin, mai ɗauke da sa hannun mai sayarwa da hatimin jami'in shaida, ya biya kuɗin rajista. Akawu ya duba ko an cika sharuɗɗan rubutu, ya buga rana da lokaci, ya ba ta lamba ko lambar littafi da shafi, ya shigar da ita kundi. Aikinsa ya ƙare.

Doka ba ta ɗora masa binciken ko mai sayarwar shi ne mai gidan ba. A yawancin jihohi ma, idan takarda ta cika sharuɗɗan, ba shi da hurumin mayar da ita don kawai zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba. Kundin shela ce ga jama'a cewa ga wata takarda ta iso ranar kaza da ƙarfe kaza. Amfanin lokacin yana bayyana idan mai gida ya sayar wa mutum biyu: a North Carolina da Louisiana wanda ya riga yin rajista shi ne da gida, a yawancin sauran jihohi kuma kotu takan duba ko mai saye na biyu ya san da cinikin farko.

Nemo takarda a irin wannan kundi sana'a ce mai zaman kanta. A gundumomi da yawa ba a jera takardu bisa fili, da sunayen mutane ake jera su: jerin masu bayarwa daban, jerin masu karɓa daban. Mai bincike zai fara da sunan mai gidan na yanzu a jerin masu karɓa, ya gano wanda ya sayar masa, ya nemi sunan wancan shi ma, haka zai yi ta komawa baya har shekaru da dama. Daga nan ya juyo, ya bi kowane suna a jerin masu bayarwa, ya ga ko wani daga cikinsu ya jinginar da gidan ko ya sayar wa wani kafin ya saki. Harafi ɗaya da aka kuskure a suna, ko matar da ta canza suna bayan aure, ko mamacin da ba a kai rabon gadonsa kotu ba, ya isa ya tsinka igiyar. Wasu wurare sun sauƙaƙa aikin. A birnin New York, alal misali, manhajar ACRIS tana nuna takardun sassa huɗu na birnin tun daga 1966 ga duk mai intanet. Sai dai sauƙin na kowa ne. Ɗan damfara ma daga ɗakinsa zai ga wane gida ne babu bashi a kansa, wane ne mai shi, da yadda sa hannunsa yake.

Tunda hukuma ba ta lamunce wa kowa ba, kasuwa ta cike gurbin. An kafa kamfanin inshorar mallaka na farko a Philadelphia a 1876, kuma a yau da wuya banki ya ba da rancen sayen gida ba tare da ita ba. Inshorar da aka fi saye tana kare mai gida ne daga aibin da ke cikin tarihin takardun kafin ya saya. Jabun da aka yi masa bayan ya tare, sai in ya sayi nau'i mai faɗi. Wanda ya gaji gidan kakarsa kuwa sau da yawa bai ma san ko akwai wata inshora ba.

A shari'ance takardar jabu ba ta mayar da mallaka ga kowa. Matsalar ita ce tana nan cikin kundi har sai alƙali ya soke ta, kuma mai gidan ne zai ɗauki lauya ya biya. Kafin a gama, ɓarawon yana iya cin bashi da gidan, ko ya sayar, ko ya nemi kotu ta fitar da mai gidan. Iyalan Presley sun dakatar da gwanjo cikin kwanaki domin suna da lauyoyi kuma duniya na kallo. Ofishin Babbar Lauyar jihar New York, Letitia James, ya ce tsakanin 2014 da 2023 hukumomin birnin sun karɓi ƙorafe-ƙorafen satar takardun gida kusan 3,500, fiye da 1,500 daga Brooklyn, kimanin 1,000 daga Queens. Waɗanda aka fi yi wa su ne tsofaffi da baƙaƙen fata da baƙin haure, a unguwannin da farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo. Ba kullum ake bukatar jabu ba ma: akan je wa dattijon da bashi ya sha wa kai da sunan taimako, a tura masa tarin takardu ya sa hannu, a ciki har da ta sallama gidan.

Akwai wani tsarin, kuma Amurkawa sun san shi. A 1858 Robert Torrens ya kawo wa Kudancin Ostireliya rajistar da hukuma ke tantance mallaka da kanta, ta ba da shaida guda, ta biya diyya idan ta yi kuskure. Gundumar Cook, inda Chicago take, ta ɗauke shi a ƙarshen ƙarni na 19 bayan gobarar 1871 ta cinye kundinta, amma ta yi watsi da shi a shekarun 1990. Yana nan da rai a Minnesota da Massachusetts da Hawaii, kafaɗa da kafaɗa da tsohon tsarin. Shigar da fili cikinsa na bukatar shari'a da kuɗi, ga kuma masana'antar inshora da ke cin abinci daga giɓin da zai toshe. Mai karatu a Najeriya zai ga ɗaya gefen matsalar: Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa cinikin fili mai takardar shaidar mallaka ya jira amincewar gwamna, jiran da ya sa da yawa suke tsayawa a takardar ciniki da shaidar mai unguwa. Hannun hukuma ya yi nauyi a nan, a can ya yi sako-sako, kuma wanda ba shi da kuɗin lauya ne ke ɗanɗana kuɗarsa a wuraren biyu.

Gyaran da jihohi ke yi yanzu na faci ne. New York ta yi doka a 2023 da ke ba da damar dakatar da korar mutum daga gida idan ana binciken satar takardunsa, sannan daga Yulin 2024 ta mayar da satar babban laifi, ta kuma ba Babbar Lauya ikon gurfanarwa. Florida ta wajabta wa akawun kowace gunduma ya samar da sanarwa kyauta ga mai gida duk lokacin da aka shigar da takarda da sunansa, ta kuma ba gundumar Lee izinin gwada neman katin shaida daga masu kawo takardu. Georgia ta fara tilasta wa masu shigar da takarda da kansu su bi ta intanet a tantance ko su wane ne.

Neman katin shaida shi ne matakin da ya taɓa jijiyar abin, domin yana tsayar da takarda a bakin ƙofa, ko da yake wanda ya iya jabun hatimi zai iya jabun kati. Sanarwar kuwa tana isa ne bayan an riga an buga lamba, kuma ga wanda ya yi rajistar imel ɗinsa kaɗai. Gidan mamacin da magadansa suka watsu a jihohi uku, wanda shi ne abin da ɓarayin suka fi nema, babu wanda ya yi masa wannan rajistar.