Motar da ta daɗe a ajiye: na'urar OBD ba ta shinshina tanki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da dama suka lulluɓe motocinsu da tamfol suka koma hawa babur da adaidaita sahu. Yanzu wasu na son tayar da su, ko don hawa ko don sayarwa, kuma labarin kusan ɗaya ne: a sa sabon batir, mota ta tashi, ta yi minti biyu tana karkarwa, sai ta mutu. Daga nan matashin gida mai son kayan fasaha zai sayo 'yar na'urar nan ta ELM327, ya soka ta a ƙasan sitiyari, ya haɗa da wayarsa ta Bluetooth, ya buɗe manhajar Torque yana jiran waya ta faɗa masa abin da zai saya.

Na'urar tana da amfani, amma a kan motar da ta shekara a tsaye ba da ita ya kamata a fara ba.

Ba kowace mota ce ma ke da wurin soka ta ba. Tsarin OBD-II ya zama dole a Amurka daga motocin 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu amfani da fetur. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, mai kafireta, ba ta san da zamansa ba. A motar da ke da shi kuwa, batirin da ya mutu ko aka cire yakan goge lambobin matsala da kwamfutar motar ta adana. Sai waya ta nuna babu komai, alhali mota na mutuwa a gaban idon mutum.

Ko lambar ta fito, sai an san yadda ake karanta ta. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san saƙon kuskure yana nuna inda shirin ya faɗi ne, tushen matsalar kuma sau da yawa yana can wani layin. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Ba ta ce na'urar auna iskar oksijin ta lalace ba, amma ita ake fara canzawa, kuɗi su tafi, mota ta ci gaba da mutuwa. Toshewar matatar mai, raunin famfon mai, ko tiyon iska da ya tsage duk suna iya haifar da wannan lamba ɗaya.

Wanda ake fara zargi shi ne man da ke tanki. Fetur ba ya zama yadda aka zuba shi: cikin watanni sassansa masu saurin kamawa da wuta suna tashi, saura ya yi duhu, ya yi danƙo, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti. Tankin da ba a cika ba yana tara raɓa, ruwan ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta biyo baya. Wannan danƙo da tsatsar su ke toshe ƙananan ramukan kafireta da bakin nozul. A zuƙe tsohon man gaba ɗaya, a zuba kaɗan a kwalba a duba launinsa, a canza matata, sannan a sa sabo. Ƙara sabon mai a kan lalatacce ɓarnar kuɗi ce, musamman a farashin yau.

Bayan haka sai a lura da yadda motar ke mutuwa, domin ba iri ɗaya ba ne. Idan tana ci muddin ƙafa na kan totur amma ta mutu da an ɗaga, matsalar tana wajen sulo: datti a maƙogwaron iska, ko tiyo mai zuƙar iska ta inda bai kamata ba. Idan tana yin 'yan mintoci ta shaƙe, ta huta ta sake tashi, mai ne ba ya isowa. A nan a buɗe murfin tanki. In an ji ya zuƙi iska da ƙarfi, hanyar shaƙar iskar tankin ta toshe, kuma zanzaro gwani ne wajen cike irin waɗannan ramuka da laka. Idan kuwa sai inji ya yi zafi take mutuwa, ta ƙi tashi har ya huce, a duba kwayil da na'urar da ke lura da juyin inji. A leƙa akwatin matatar iska ma, don ɓeraye na son yin sheƙa a ciki, suna kuma cin wayoyi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne canza abu biyar a rana ɗaya: fulogi, famfo, nozul, kwayil, wayoyi. Mai rubuta manhaja da ya gyara layi biyar lokaci guda ba zai san wanne ne ya warware matsalar ba, in kuma ta ƙaru ba zai san wanne ya jawo ba. A canza ɗaya, a tayar, a rubuta abin da ya faru. Bakaniken da ya kawo jerin kayan saye tun bai buɗe tanki ba, a tambaye shi abin da ya gwada.

Dabarar tsiyaya fetur a bakin kafireta kuma a bar ta. Wuta na iya dawowa ta nan ta kama hannu da fuska. Kafin a murɗa makulli ma a duba baƙin mai da ruwan lagireto. Na'urar OBD sai ta biyo bayan wannan, lokacin da mota ta samu sabon mai ta yi 'yar tafiya, kwamfutarta ta tara abin da za ta faɗa.