Ina Za A Zauna A Falon Ma'aikaci?

Duk wanda ya saba shiga gidajen ma'aikata a Kaduna ko Kano ko Sakkwato zai shaida cewa falon da yawa daga cikinmu ya fi kama da kantin sayar da kujeru. Ɗaki ne mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, amma an cusa masa kujerun kushin na mutum 7, ga tebur a tsakiya, ga kabad mai gilashi maƙare da tangaran ɗin da ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Baƙo in ya shigo sai ya bi a karkace kafin ya sami wurin zama. A wani gidan ma ko ledar kujerun ba a cire ba, wai don kada su tsufa.

Wannan ɗabi'a ba yau ta soma ba. Ta yi ƙarfi ne bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, sa'ad da kuɗi suka faɗo hannun ma'aikata a dunƙule, kowa ya nufi kanti. Kuɗin sun daɗe da ƙarewa, amma gasar ta zauna daram, har ta kai ƙaramin ma'aikaci yana cin bashin da zai shekara yana biya domin falonsa ya yi daidai da na maigidansa a ofis. Hausawa kuwa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

A ganina kuskuren da ya fi kowane illa shi ne shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango. Irin wannan shimfiɗa ta dace da ƙasashen sanyi kamar Ingila, inda ƙafa ke neman ɗumi. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta bar ko'ina ba, kuma in ta shige cikin kafet tsintsiya ba ta iya fid da ita. A kansa jariri ke rarrafe, a kansa mai ciwon asma ke kishingiɗa, sa'an nan a yi ta mamakin tarin da ya ƙi ƙarewa. Tabarma ko darduma fa? Naɗewa za a yi, a kakkaɓe a tsakar gida, a shanya a rana.

Sai kuma batun taga. Iska ba ta ratsa ɗaki sai ta sami ta inda za ta fita, amma sai ka tarar an jingina kabad a taga ɗaya, ɗayar kuma an rufe ta da labule mai kauri ninki biyu, alhali kuwa a watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. In aka haɗa da fenti mai duhu, wanda ke shanye haske, sai ɗakin ya ƙara ƙunci, a kunna fitila da rana tsaka.

Mai son ganin wata dabara sai ya leƙa Gidan Makama a Kano. Maginan da sun yi katanga mai kauri wadda ke tsare zafi, suka ɗaga rufin soro sama, suka sa adon a jikin ginin kansa, ƙasa kuwa suka bar ta fili. Ko jeren kwanonin iyayenmu mata, da wasu ke yi wa dariya, yana da dalili, domin ajiya ce: ranar buƙata a sauke a sayar. Kushin kuwa daga ranar da ya shigo gida darajarsa ke raguwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibin gidan. Kujeru sun cinye fili, talabijin ba ta yin shiru, ga jarrabawa ta ƙarato, yaro ba shi da inda zai buɗe littafi sai bisa gwiwarsa. Saboda haka kafin maigida ya je wurin kafinta, lalle ya auna ɗakin tukuna, ya ware hanyar wucewa da wurin salla, ya bar tagogi a sake. Sa'an nan ya fid da kujera ɗaya daga cikin lissafi, ya sa kuɗinta a ƙaramin tebur da fitila, a ajiye su kusa da taga, nesa da talabijin.