Sabuwar Fuska a Tsohon Kabad: Shekara Nawa Za Ta Yi a Kicin Irin Namu?

Wanda ya sayi tsohon gida a Birmingham ko Houston, da wuya ya yi wata guda bai fara hararar kabad ɗin kicin ba. Da ya ji kuɗin fasa kicin gaba ɗaya a yi sabo, sai jikinsa ya yi sanyi. A nan ne masu aikin sauya fuska ke shigowa. Za su bar gangar kabad ɗin a inda take, su cire ƙofofi da fuskar durowa su sa sababbi, su manna wa gefen da ake gani sabon rufi, su canja hinji da mariƙi. Cikin kwana kaɗan kicin ya koma kamar na amarya, kuma ba a taɓa famfo ko wayar lantarki ba.

Yawancinsu kan ce aikin zai kai shekara 15 zuwa 20. Ban ce ƙarya suke yi ba, amma ni dai a ganina wannan lissafi na gidan da ake ɗumama abinci ne a tashi. Mu kuwa tukunyar tuwo kaɗai ta isa ta cika kicin da tururi, ga wake da ganda da ke shafe awanni a wuta, ga suyar ƙosai da waina a ƙarshen mako. A watan azumi kuma murhu ba ya hutawa daga la'asar har sahur.

Abin da zai fara gajiya shi ne abin da aka lulluɓe ƙofar da shi. Cikin masu arha a kasuwa akwai ƙofar katakon MDF da aka manna wa ledar roba da zafi da gam. Tana da kyan gani, tana da sauƙin gogewa, amma zafin da ya manna ta shi ke ɓanɓare ta. Duba ƙofofin da ke maƙwabtaka da oben, da na saman inda ake ajiye butar lantarki ko tukunyar shinkafa: nan ledar ke fara ɗagawa daga baki. Da ta ɗaga, tururi ya samu hanya, MDF ɗin ya sha ruwa ya kumbura, kuma katakon da ya kumbura ba ya komawa. Fomaika ta fi jure zafi da tabon manja, ko da yake bakinta kan ɓalle in tukunya ta buge shi. Ƙofar katako na gaske, ko wadda aka yi wa fenti mai kyau, ta fi tsada, sai dai in ta tsufa ana iya goge ta a sake mata fenti. Ita leda in ta lalace, sai a sayi wata ƙofar.

Amma babbar magana ba a ƙofa take ba. Sabuwar ƙofa a jikin tsohuwar ganga ake ɗaure ta, kuma gangar mafi yawan kicin a Ingila da Amurka ta garin katako ce da aka danne da gam. Idan ta riga ta yi shekara ashirin tana shan ɗigon ruwa, sauya fuska ba zai mayar mata da ƙuruciya ba. Kafin ka biya kowa sisi, ka kwashe kayan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka haska da tocila, ka danna ƙasan da yatsa. In ya lotsa, ko ya yi tudu, ko kana jin warin danshi, wannan kabad ɗin ya gama. Sannan ka kama ƙofa ɗaya ka girgiza. Idan kusoshin hinji suna rawa a raminsu, to katakon ya daina riƙo, sabuwar ƙofa mai nauyi kuma za ta sunkuya kafin shekara ta zagayo. Ganga ta filawud ko ta katako na gaske ita ce ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Uwargida kuma ta dubi kantocin ciki. Ba don buhun shinkafa mai kilo 20 da jarkar mai aka ƙera su ba. Kantar da ta lanƙwashe a tsakiya, a sa ta cikin lissafin abin da za a canja.

Akwai wani tarko ga masu kicin ɗin IKEA. Kamfanin ya canja tsarin kabad ɗinsa: a Ingila Metod ya maye gurbin Faktum a 2014, a Amurka kuma Sektion ya maye gurbin Akurum a 2015, kuma awonsu ba ɗaya ba ne. Ƙofar yau ba za ta hau tsohuwar ganga ba, sai dai a nemi masu yanka ƙofa daidai awo. A auna tukuna, kada a ɗauko kaya a mota a dawo ana cizon yatsa.

In an yi aikin, abin da ke ƙara masa kwana ba shi da tsada. A kunna na'urar zuƙe hayaƙi tun kafin a ɗora tukunya, a kuma bincika ko waje take fitar da iskar, domin da yawa a gidajen bene tace maiƙo kawai suke yi su dawo da tururin cikin ɗaki. In irin wannan ce, a buɗe taga ko da ana sanyi. A jawo buta da tukunyar shinkafa su fito daga ƙarƙashin kabad na sama kafin a kunna. A sa mai aikin ya liƙa sandar ƙarfe mai kare zafi a gefen oben. Maiƙo kuma a goge shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ba da soson ƙarfe ba.

Takardar garanti a karanta ta da kyau, musamman inda aka yi maganar zafi da danshi, domin sau da yawa abin da ya fi lalata ƙofa a gidajenmu shi ne ainihin abin da suka cire daga alkawarinsu. A tambayi mai aikin ƙarara: in leda ta ɗaga a gefen oben bayan shekara uku, wa zai biya? Amsar da ya bayar, a ce ya rubuta ta a takarda ya sa hannu.