Da Ruwan Ciki Akan Ja na Rijiya: Komawa Fagen Tsere Bayan Ciwon Ciki a Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Kwara a Yalwa ranar bikin Rigata ya san irin kallon da ake yi wa matuƙan kwale-kwale. Jama'a sun yi dafifi, kiɗa yana tashi, samari sun jeru cikin jirgi suna kafta filafili a ruwa kamar hannu ɗaya ne yake motsa su. Masu tarihin baka sun ce wasan ya samo asali ne daga atisayen da Gungawa suke yi don yaƙin ruwa da farautar dorina mai ɓarnar gonaki. Ke nan tun fil azal wasa ne na nuna ƙarfi, kuma har yanzu babu saurayin da yake so a ce an yi shi ba ya cikin jirgi. Haka abin yake ga gudun yada-ƙanin-wani da ɗaliban makarantu kan yi ta cikin daji da gonaki, da kuma gudun gwaji da akan sa masu neman shiga aikin soja.

Wannan maƙala za ta yi magana ne a kan saurayin da ciwon ciki ya kayar, ya tashi, ga kuma ranar tsere ta matso. Ra'ayin da za a kare shi ne, komawarsa fage abu ne mai kyau, amma hanzarin da ake yi wajen mayar da shi kuskure ne babba, kuma al'adar magana ta Bahaushe tana da hannu cikin wannan kuskure.

Sauƙi, Warkewa da Murmurewa

Harshen Hausa ya tanadi kalmomi uku don matakai uku da majinyaci yake bi. Akwai samun sauƙi, watau ciwo ya sassauta. Akwai warkewa, watau ciwo ya rabu da jiki. Sannan akwai murmurewa, lokacin da ramar ta tafi, fuska ta ciko, ƙarfi ya komo. Wanda ya shirya waɗannan kalmomi ya san cewa tsakanin ta fari da ta ƙarshe akwai tafiya.

To, amma a wajen gaisuwa kalma ɗaya kawai ake amfani da ita. In an tambayi maras lafiya, "Yaya jiki?" amsa ita ce, "Da sauƙi," ko da kuwa da ƙyar yake ɗaga kai. Wannan amsa ladabi ce da godiya ga Allah, kuma babu laifi gare ta a muhallinta. Laifin yana zuwa ne sa'ad da mai kula da jirgi ko malamin wasanni ya ɗauke ta a matsayin rahoton likita. Ya tambaya, an ce da sauƙi, shi ke nan sai ya rubuta suna.

Daɗin daɗawa, ciwon ciki yana da kunya wadda sauran cututtuka ba su da ita. Saurayi zai nuna karaya ko targaɗe da alfahari, amma da wuya ya buɗe baki gaban sa'o'insa ya ce zawo ya yi kwana biyar yana yi. Iyaka ya ce cikinsa ne ya ɗan ɓaci. Da wannan "ɗan" ake rufe amai da gudawa, da atini, har da taifot.

Ciwon Ciki a Bakin Tafki

Ba abin mamaki ba ne ciwon ciki ya yawaita a wannan yanki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsibirai da garuruwa da dama, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni. Ƙauyuka masu yawa a Ngaski da Yawuri da Shanga suna zaune ne daf da ruwa, kuma a wurare da yawa ruwan da ake su a cikinsa shi ake wanka da wanki da shi, shi ake ɗiba a sha. In damina ta yi ƙarfi, irin ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi a 2020, ƙazanta takan gangara cikin rijiyoyi. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kebbi tana cikin jihohin da annobar ta taɓa.

Abin da waɗannan cututtuka suke yi wa jiki ya wuce abin da ido yake gani. Kwalara mai tsanani tana iya zubar da ruwan da ya kai lita guda daga jikin babban mutum cikin sa'a ɗaya. Tare da ruwan nan gishirin jiki yake fita, har da sinadarin fotasiyam wanda tsoka da zuciya suke dogara da shi wajen aiki. Atini yana ƙuje bangon hanji har jini ya fito, ya bar mutum da ƙarancin jini. Taifot kuwa ita ce mai yaudara. Takan yi gyambo a cikin hanji, wanda yake iya hujewa, galibi a mako na uku na ciwon, kuma takan komo wa wasu bayan mako biyu ko uku da saukar zazzaɓi. Ko zawo na yau da kullum yakan bar hanji ya kasa narkar da madara na ɗan lokaci, shi ya sa wani zai sha fura da nono don neman ƙarfi sai cikin ya sake ɓarkewa.

Abin da Tsere Yake Nema

Sai a dubi ɗaya ɓangaren. Sa'ad da mutum yake gudu ko tuƙi da iyakar ƙarfinsa, jiki yakan janye jini daga ciki ya tura shi ga tsoka da fata. Jinin da yake isa ga hanji yakan ragu da fiye da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa ko lafiyayyen ɗan tsere yakan ji murɗa ko tashin zuciya a tsakiyar dogon gudu. Hanjin da bai gama gyaruwa ba kuwa, an rage masa jini a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Ga kuma zufa. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu cikin sa'a guda. A 'yan shekarun nan ana yin Rigata ne a wajejen watan Fabrairu, lokacin da iska ta bushe, zafi kuma ya fara kunno kai. Wanda ya shiga jirgi da ruwan jikinsa bai gama cika ba, ya fara tseren ne da bashi a kansa. Jiri yakan biyo baya, da naɗewar tsoka, da suma, wani lokaci har ƙoda ta taɓu. Mai gudu a tudu in ya faɗi ana iya ɗaukarsa a kai inuwa. Matuƙi kuwa cikin ruwa zai faɗa, kuma iya iyo ba ya amfanar wanda ya suma.

Akwai wata ɗabi'a da take ƙara dagula al'amari, watau haɗiyar ƙwayoyin kashe zafin jiki kafin wasa. Irin su ibufurofen da dikilofenak suna cin bangon tumbi, suna kuma wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Taramol kuwa yana danne gajiya da ciwo, alhali su ne masu gargaɗin da suke gaya wa mutum ya tsaya.

Hujjar Masu Cewa a Bar Shi ya Shiga

Masu goyon bayan hanzari suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce bikin sau ɗaya yake zuwa a shekara, saurayi ya daɗe yana shiri, ga kyauta, ga sunan ƙauye. Sukan ce kakanni sun yi yaƙi da dorina ba tare da takardar likita ba, kuma yawan lallashi yana kashe zuciyar namiji. Sukan ƙara da cewa masunci ko manomi da ma ba ya samun hutu, domin in bai fita ba gidansa ba za a ci ba.

Hujja ta ƙarshe gaskiya ce mai ɗaci, amma ba ta shafi tsere ba. Mai fita su yana tuƙi ne daidai ƙarfinsa, in ya gaji ya huta. Tsere kuwa an shirya shi ne musamman don a kai jiki maƙura, kuma mutum ɗaya ba shi da ikon rage gudu a jirgin da mutane da yawa suke tuƙawa. Game da kakanni, su ne suka tsara wa mai jego kwana arba'in na hutu da cin abinci mai kyau, su ne kuma suke killace ɗan kaciya ana yanka masa kaji har ya warke. Al'ada ta san jinya sarai. Addini ma ya yi wa maras lafiya rangwame a kan azumin Ramalana, ya sha ya rama daga baya. In farilla ta karɓi jinkiri saboda ciwo, babu dalilin da zai sa wasa ya ƙi karɓa.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Abin da ya faru a birnin Landan a watan Agustan 2017 ya isa misali. Ana tsakiyar gasar guje-guje ta duniya sai cutar amai da gudawa ta ɓulla a masaukin 'yan wasa. Isaac Makwala na ƙasar Botswana, wanda ake sa ran zai ci lamba a tseren mita 400, yana cikin waɗanda aka hana shiga fili har sai sa'o'i 48 sun cika. Ya yi ta cewa lafiyarsa lau, aka ƙi, wasan ƙarshe ya wuce shi. Da wa'adin ya cika aka ba shi dama ya yi gudun mita 200 shi kaɗai a fili, ya cika lokacin da ake nema, har ya kai ga wasan ƙarshe. An yi ta gardama a kan ko an yi masa adalci, amma ƙa'idar da aka bi a fili take: maganar ɗan wasa a kan jikinsa ba ta isa hujja ba, kuma akwai sauran 'yan wasa da za a kare. Wannan ya shafi matuƙan da suke shan ruwa da moɗa ɗaya, musamman da yake wasu da suka warke daga taifot sukan ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar.

Misali na biyu yana nuna cewa ciwon ciki ba ya rufe wa mutum fage har abada. Steve Redgrave, matuƙin kwale-kwale ɗan Ingila, an gano yana da ciwon gyambon babban hanji a 1992, 'yan makonni kafin wasannin Olamfik na Basalona. Ya bi magani a hannun likitoci, ya ci zinariya a wannan shekara, ya sake ci a 1996 da 2000, jimla zinariya biyar a jere tun daga 1984. Abin da ya taimake shi shi ne an san sunan ciwonsa, an kuma tsara horonsa a kan wannan sani.

Shawarwari

Na farko, a sauya tambaya. Maimakon "Yaya jiki?" mai kula da 'yan wasa ya keɓe saurayi ya tambaye shi yaushe ya yi zawo na ƙarshe, ko ya ga jini, ko akwai zazzaɓi, ko yana cin tuwo kamar da, da kuma launin fitsarinsa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa.

Na biyu, a sa ƙa'ida wadda ta hau kan kowa, don kada hutun ya zama abin gori. Kada wanda ya yi amai ko gudawa ya shiga cikin 'yan wasa sai ya kwana biyu cur babu ko ɗaya. Mai zazzaɓi kada ya yi horo sam. Wanda ya yi kwalara ko atini ko taifot sai ma'aikacin lafiya ya duba shi ya yarda, kuma lissafinsa na makonni ne.

Na uku, komawa ta zama hawa-hawa. A fara da tafiyar ƙafa da sanyin safiya, sannan sassarfa ko tuƙi a hankali kusa da gaɓa, sannan rabin zango, kafin cikakken zango. Duk matakin da ya tayar da murɗa ko jiri, a koma na bayansa.

Na huɗu, a tanadi ruwan gishiri da sukari a wurin horo da wurin tsere. In babu ƙullin da ake sayarwa a kantin magani, ana haɗa shi da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a raina shi don arha. Da irinsa likita Dilip Mahalanabis ya rage mace-macen kwalara a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya a 1971, daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Na biyar, kowane jirgi ya horar da matuƙa fiye da adadin da yake bukata. Sau da yawa rashin madadi ne yake sa a matsa wa majinyaci. Wanda aka ajiye kuma a ba shi wani aiki na mutunci a ranar biki, a kuma tabbatar masa gurbinsa yana nan baɗi.

Kammalawa

Masarautar Yawuri da masu shirya Rigata da shugabannin makarantu suna da ikon mayar da waɗannan shawarwari doka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, domin ma'aikacin lafiya ɗaya da littafin rajista sun isa a fara. Sarakunan ruwa da iyaye kuwa su ne za su cire kunyar da take hana samari faɗin gaskiyar cikinsu. Masu iya magana sun ce iya ruwa fid da kai. Saurayin da ya haƙura da tseren bana har ya murmure, shi ne ƙauyensu zai samu a cikin jirgi shekaru goma masu zuwa.