Fansho: Wa zai biya wa manomin Batsari kashi goma?

Duk ma'aikacin da ke cikin tsarin fanshon karo-karo a Najeriya ya san lissafin da ake yi masa a ƙarshen wata: a cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora kashi 10.

Haka dokar fansho ta 2014, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta tanada. Kafin nan, dokar 2004 ta zamanin Olusegun Obasanjo ta ɗora wa kowane ɓangare kashi bakwai da rabi ne.

Idan aka yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024, ma'aikaci zai ba da naira 5,600, a ƙara masa 7,000.

To sai dai dokar ta yi iyaka. Sashe na biyu ya wajabta tsarin ne a kan kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye. Wanda ma'aikatansa ba su kai uku ba, da mai cin gashin kansa, shiga ganin dama ce. Masu ma'aikata uku zuwa 14 kuwa, dokar ba ta fayyace matsayinsu ba, ko da yake hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na ɗaukar uku a matsayin mafari.

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin jihar Katsina, wannan muhawara kusan labarin wata duniya ce. In ka cire malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma, waɗanda su ma dokar jiha ce ke tsara fanshonsu, sauran jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2024 sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya na irin wannan rukuni ne.

Ba wai mutanen ba su san tanadin tsufa ba ne. Fanshonsu shi ne shanun huɗa da tumaki da rumbun gero. Wannan dukiya ce 'yan bindigar dajin Rugu suka shafe shekaru suna kwashewa, wani lokaci har da rayuka, kamar harin Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020 inda aka kashe mutum 30. Dattijon da ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa, da me zai tsufa?

A nan ne asusun da ba a iya korawa daji yake da ƙima. A watan Maris na 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'a, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko mako ko wata. A tsarin na farko ana iya cire kashi 40 in buƙata ta taso, a bar 60 sai tsufa. A 2021 kuma PenCom ta buɗe asusun da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, abin da ya rage wa Musulmi da dama fargaba.

Amma giɓin na nan. Ma'aikaci na ba da takwas ya samu goma sha takwas. Manomi na ba da takwas ya samu takwas, ga hauhawar farashi na cin ajiyar. Kuɗinsa ma ba wata-wata suke zuwa ba, sai da kaka.

Ruwanda ta gwada wata dabara a shirinta na Ejo Heza da ta fara a 2018, inda gwamnati ke ɗora wa masu ƙaramin ƙarfi wani abu a kan ajiyarsu. Dokar 2014 ba ta ɗora wa gwamnatin tarayya ko ta Katsina irin wannan nauyi ba.